Motar Da Aka Ce Kar A Taɓa

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku a tsaye a bakin titi, ku yi haƙuri, ita ma Yayar a bakin titin na bar ta. Wadda ta ce in sa a kama Auta a rufe kuma, ki bari ki ji ta bakinsa tukuna.

*

Da ƙyar Yaya ta shigo da motar cikin garejin ƙannenta. Ba tuƙi ta yi ba, lallaɓawa ta yi, ƙafa a kan birki, baki yana ta addu'a. Motar da jiya kukan bel ne kawai matsalarta, yau ko shafar totur ka yi sai ta zabura. A hanya saura kaɗan ta shige ƙarƙashin wata motar kaya. Ga wani fito da ke tashi daga bonet, ga wata ƙara can cikin injin kamar ana kaɗa cokali a gwangwani, ga fitilar injin ta kunnu a gabanta ta ƙi mutuwa.

Ta kashe motar, ta zauna riƙe da sitiyari.

Da tata ce da sauƙi. Motar mijinta ce, Abban yara, wanda ya yi tafiyar aiki kuma gobe ake sa ran dawowarsa. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ruwansa da ina kika je, me kika saya. Tun da ya sayi motar nan abu ɗaya tak ya taɓa roƙonta: ta hau in ta so, ta kai yara makaranta, ta je unguwa, amma kar ƙannenta su taɓa masa ita. Da dariya ya faɗa, amma ta san ba wasa yake ba, don tsohuwar motarsa da ƙafafunta ta shigo garejin nan canjin baƙin mai, a bayan janwe ta fita. Ta yi masa alkawari. Da bel ya fara kuka bayan tafiyarsa sai tsoro ya kama ta kar ya ce ita ta lalata, ga makanikensa mai ɗan banzan surutu, kafin ta juya baya zai buga masa waya. Ta ce a ranta, bel ne fa kawai, wa zai iya ɓata canjin bel? Jiya da ya kira ya tambayi motar, ta ce masa tana nan lafiya a inda ya bar ta.

Ƙannen nata biyu ne, Dogo da Auta, su suka gaji garejin daga Baba. Watanni ke nan ba sa ga maciji, a kan wata sifanar Baba da ta ɓata, kowa ya rantse ɗayan ne ya yar. Manyan maza da gemu, suka raba yini gida biyu kamar masu gadi, Dogo daga safe zuwa tsakar rana, Auta daga nan zuwa yamma. Duk abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya sai ya bi ta kan Yaya. Da gangan ta zo daidai lokacin canjin, don ta rutsa su duka.

Dogo yana wanke hannu a bakin famfo. Auta kuma ya iso, amma yana zaune a kan babur ɗinsa can bakin ƙofa, yana jiran wancan ya fita kafin ya shigo.

Dogo ne ya fara tahowa, baki har kunne.

"Yaya, kin ji ta ko? Tsakaninki da Allah, kin ji bambanci?"

Ta waiwaya bakin ƙofa sai ta ga Auta ma yana murmushi, irin murmushin nan sak, har yana ɗaga mata gira. Mutum biyu da ba sa magana, kowa yana jiran yabo a kan mota ɗaya.

Ta fito ta ja bonet, ta ce su zo duka su tsaya a gabanta. Dogo ya ce shi lokacinsa ya ƙare. Auta ya ce shi nasa bai fara ba.

"Duk wanda bai iso gaban motar nan ba kafin in rufe baki, Mama zan kira, in sa ta a sifika."

Suka iso. Ɗaya ya tsaya ta fitilar dama, ɗaya ta hagu, kowa yana kallon wani wuri daban.

"Dogo, me na ce ka yi min?"

"Bel."

"Sai me?"

Ya ce bel ɗin ya canja, sabo dal, ta duba da idonta. Sai dai kuma, da yake ta ce motar ba ta da ƙarfi kamar da...

"Kai ka ce min sulɓin bel ne ya jawo haka. Kai da bakinka."

Ya ce haka ne, amma ai an riga an kwance wurin. Nan ya gyara tsayuwa ya shiga yi mata karatu, irin karatun nan nasa da ba wanda ya nema. Ya ɗora hannu a kan wani ƙarfe mai kama da kwantaccen tulu a saman injin, ya ce wannan shi ne sufacaja, aikinsa ya yi ta cusa wa injin iska, iska in ta yi yawa mota ta yi ƙarfi. Bel ne ke juya shi ta kan wannan ƴar tayar da ake kira fuli. Shi kuma sai ya cire fulin kamfani ya sa ƙarami, don ya riƙa juyawa da sauri ya ƙara iskar.

Yaya ta kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Wa ya aike ka?"

"Yaya, ba hatsari ko kaɗan. Kin ga wannan ɗan bawul ɗin na gefe? Ƙofa ce. Da zarar iska ta yi yawa, kwamfutar motar za ta buɗe shi, rarar ta zagaya ta koma. Shi ke kare injin. Muddin yana nan, ko me na sa ba abin da zai faru."

Tun da aka ambaci fuli murmushin Auta ya fara gudu. Da aka zo kan bawul kuwa sai ya koma sosa ƙeya, yana nazarin takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Yaya ta san fuskar nan. Ita ta goya shi, tun yana yaro haka yake yi in ya fasa abu ya tura ƙarƙashin gado.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina jinka."

"Ki tambaye shi, ƙanƙantar fulin kamar yaya?"

"Ki ce masa ba ruwansa da aikina," in ji Dogo.

"Ki ce masa ni ma ba don shi na tambaya ba."

"Ni wayar tarho ce? Ga ku nan ga juna, kunnuwanku huɗu, duk lafiyarsu ƙalau. Auta, ka buɗe baki ka faɗa min abin da ka yi kafin raina ya gama ɓaci."

A nan fa ita ma Yaya tana da nata kason, kuma ta sani, shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai. Jiya bayan ta bar wa Dogo motar da safe, sai ta tuna halin Auta. In ya ji an ba Dogo aiki shi ba a ba shi ba, zai kumbura, ya je ya faɗa wa Mama wai Yaya ta zaɓi ɓangare. Don a zauna lafiya ta buga masa waya ta ce in ya shigo da rana shi ma ya ɗan duba mata ita. Kalma ɗaya ce ta fita daga bakinta, duba.

Auta ya ce ya duba. Ya tarar an riga an sa sabon bel, an goge ko'ina, ba a bar masa ko noti ɗaya da zai ɗaure ba. Shi kuma ba zai yarda a ce an kawo motar Abban yara garejin nan, hannun wani kaɗai ya taɓa ta ba. Sai ya nufi bawul ɗin. Ya matse ɗan sukurun da ke jikinsa don ya riƙa rufuwa ruf, sannan ya zare siririn tiyon da kwamfutar ke buɗe shi ta ciki, ya toshe bakin da ƙusa. Ta haka duk iskar da aka tura sai ta shige injin, ba rara, ba zagaye.

"Amma Yaya, da lissafi na yi. Fulin kamfani ba ya tura iskar da za ta yi ɓarna. Muddin fulin kamfani ne a kai..."

Bai ƙarasa ba.

"Ba ka kalli fulin ba?" ta tambaya.

Ya ce shi duk inda hannun wancan ya taɓa ba ya ko kallo.

"Kai kuma da safe da ka miƙo min makulli, ba ka ɗaga bonet ba?"

Dogo ya ce shi tun jiya ya gwada aikinsa, me zai sake dubawa?

A hankali Dogo ya juyo, ya kalli ƙaninsa ido cikin ido, abin da rabonsa da yi tun ɓatan sifanar.

"Ka toshe bawul ɗin?"

"Ka rage fulin?"

Yaya ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Watanni tana zarya, ta roƙi wannan, ta lallashi wancan, ta sa Mama ta yi faɗa, ta haɗa su cin abinci a gidanta suka ci suka tashi ba wanda ya ce wa wani miƙo min ruwa. Yau ga shi sun yi magana, a kan gawar motar mijinta.

"Bari in ga ko na gane," ta ce, muryarta a ƙasa, wadda su duka sun san ta fi ihu hatsari. "Kai ka buɗe famfo har ƙarshe don ka san akwai magudana. Kai kuma ka toshe magudanar don ka san famfon ba ya zuba da yawa."

"Haka ne, Yaya," suka ce a tare.

Jin sun haɗa baki ya sa kowa ya harari ɗan'uwansa, sai faɗa ya ɓarke. Dogo ya ce ba makaniken ƙwarai da zai taɓa bawul bai kalli fuli ba. Auta ya ce ba makaniken ƙwarai da zai canja fuli ya rufe bonet ya tafi gida bai faɗa wa kowa ba. Aka tono injin wankin Mama da suka taɓa lalatawa, aka tono motar da ta fita a bayan janwe, aka dawo kan sifana. Yaya ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta daki gefen bonet da tafin hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi. Me ya sa? Bel na kawo. Me ya kai ku inda ba a aike ku ba?"

Can Dogo ya ce, yana kallon gefe, ai sun san abin da Abban yara ya faɗa. Ta tambaya wa ya gaya musu. Ya ce ƴarta ƙarama ce, ranar da suka je gidan ya jingina da motar, yarinyar ta ce Kawu ka matsa, Abba ya ce kar ku taɓa.

"A gaban mutane, Yaya. Na yi dariya, amma ban yi barci ba ranar. So nake ya dawo ya taka motar nan, ya ji ta tashi, ya tambaya wa ya yi wannan aikin. Ki ce masa Dogo ne."

Auta ya ce a hankali, shi ma abin da yake so ke nan, sai dai a ce Auta ne.

Tausayinsu ya kama ta, kuma haushin tausayin ya fi komai ci mata rai. Ba ta son ta ji tausayin kowa yau. Ita wa ya ji nata? Shekara da shekaru tana kare su a gaban mijinta, tana cewa ba su da matsala, sa'a ce ba su yi ba. Mutumin nan bai taɓa hana ta taimaka musu ba, bai taɓa faɗar baƙar magana a kansu ba. Abu ɗaya ya roƙa, ta karya, ta kuma ɗora ƙarya a kai.

Ta ce su mayar da komai yadda suka same shi, yanzu, tana tsaye.

Dogo ya tafi ɗauko tsohon fulin, amma bai yi nisa ba ya dawo. Ya tambaye ta ƙarar nan ta cokali a gwangwani, yaushe ta fara. Ta ce lokacin da take hawan gada, ta taka don ta wuce motar kayan. Ya tambaya ta ɗaga ƙafa da ta ji? Ta ce ta yaya za ta ɗaga, ga mota na tahowa ta gabanta? Sai da ta ƙara takawa ma.

Suka kalli juna. Wannan kallon bai yi mata daɗi ba.

Suka ce sai injin ya huce. Ta zauna a kan wani benci mai maiƙo da kayanta masu kyau, ba ta ko damu ba. Da ya huce suka hau kwance fulogogi don su ga abin da ya faru a ciki. Dogo ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, Auta ya ɗora masa abin da yake nema. Auta ya sunkuya, Dogo ya haska masa fitila kafin ya tambaya. Haka suke aiki a gaban Baba tun suna yara. Yaya ta gani, ta kau da kai, ta ƙi yarda abin ya taɓa mata zuciya.

Fulogin farko lafiya. Na biyu ma haka. Ta fara sakin numfashi. Da aka zaro na can ƙarshe sai ta ga Auta ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya miƙa wa Dogo.

"Ku nuna min."

Bakin fulogin ya yi fari fat, tsininsa ya narke, ga wasu ƴan ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikinsa. Auta ya ce wannan ƙyallin ba daga fulogi yake ba, daga kan fiston ne can cikin injin, zafi ya ɗan ci shi. Ko kaɗan ya ci, ko da yawa, ba mai iya sani sai an buɗe injin.

Ta tambaya za su iya gamawa kafin gobe?

Dogo ya sosa gemu. Ya ce buɗe injin ba aikin yini ɗaya ba ne. Amma in an mayar da fuli, an gyara bawul, an sa sabbin fulogogi, an goge fitilar nan da ta kunnu, motar za ta tashi lafiya lau. Mai yiwuwa ma a yi makonni Abban yara bai ji komai ba.

"Sannan fa?"

Dogo ya koma juya fulogin a hannunsa.

"Sannan ta mutu masa a tsakiyar babban titi, da ƴaƴana a baya? Wannan ce shawararka?"

Ya yi ƙasa da kai, ya ce ba haka yake nufi ba.

Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta gaji. Ta ce ba za a ɓoye komai ba, yau ɗin nan za ta kira shi ta faɗa masa gaskiya tun daga kukan bel har narkakken fulogi, abin da zai yi ya yi. Ita ta jawo, ita za ta ɗauka.

Ba ta rufe baki ba wayarta ta fara ƙara a cikin jaka.

Ta ciro ta duba. Shi ne.

Dogo da Auta suka taso a tare suka tsaya a gabanta, kafaɗa da kafaɗa, hannuwa duk baƙin mai. Dogo ya ce don Allah ta ba su zuwa gobe, su buɗe injin su san girman abin, in ya so su da kansu za su je su same shi. Auta idonsa ya ciko, ya ce in Abban yara ya ji yanzu ta waya, shi ke nan, ba zai sake kallonsu a matsayin mutane ba.

"Yini ɗaya, Yaya. Don darajar Baba."

"Ku matsa min."

Ta ɗaga wayar da niyyar faɗar gaskiya, wallahi da niyyar ta ɗaga. Ya yi sallama da muryarsa mai sanyi, ya tambayi yara, ya tambayi jikin Mama. Ta amsa.

"Kina ina ne haka?"

Ta kalli ƙannenta. Dogo ya dafa kafaɗar Auta bai ma san ya dafa ba. Su duka sun zuba mata ido, suna roƙo.

"Ina gida," ta ce.

Ya maimaita kalmar a hankali.

"Gida."

"Eh. Ina kicin."

"To," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Aikin ya ƙare da wuri, na ce bari in zo ba sanarwa in ba ku mamaki. Daga kicin ɗin na fito yanzu. Ga ni tsaye a inda motata take kwana."

Ta juya ta kalli motar da bonet ɗinta a buɗe.

"Zan sake tambayarki, Maman yara, kuma ki yi tunani kafin ki amsa. Kina ina?"